Rokar Kwali Ta Tafi, Takardarta Ta Rage

Da edita ya tare ni a bakin kafteriya ya ce in kawo rubutu a kan kimiyya, sharaɗi ɗaya ya gindaya mini: kada ya zama irin wanda mutum zai fara karantawa ya ɓuge da gyangyaɗi. To ga abin da na samo, in an yi gyangyaɗin sai a yafe ni.

Furojet ɗina na ƙarshe a kan ƙaramin injin samar da wuta ne mai aiki da iska. Farfelar ba ta wahalar da ni kamar wutsiyar ba, wato falankin nan na baya da ke juya kan injin ya fuskanci iska. Na yanka shi ƙarami, injin ya yi ta waige-waige kamar baƙo a tasha. Na yanka babba, ya yi nauyi. Ina cikin laluben yadda ake lissafin abin a intanet sai na faɗa kan wata tsohuwar ƙasida da wani bawan Allah ya ɗauki hotonta shafi-shafi. Lambarta TIR-33, wani kamfanin Amurka mai suna Centuri ne ya buga ta, kuma ba don injiniyoyi aka buga ta ba. Don yara masu wasa da rokar kwali aka yi ta. Kamfanin ya daina fitar da kaya tun 1983, amma ga takardarsa tana warware wa ɗan difuloma a nan abin da ya shige masa duhu. Daga nan na bi sawun abin, har na gano cewa a Amurka akwai mutanen da ba su da abin sha'awa irin tara waɗannan tsofaffin rokoki, kuma da yawansu sun fi ɗokin takardun da ke zuwa da rokar a kan ita kanta rokar.

Bari mu fara da rokar, kada wani ya zaci ta yaƙi ake nufi. Bututu ne na kwali, irin wanda ake naɗe yadi a kai a kanti amma siriri. A sama akwai hanci mai tsini, a ƙasa fukafukai uku ko huɗu. A tsofaffin, duka na itacen balsa ne, wani itace mara nauyi da in ka ɗaga za ka rantse totuwar kara ce. A ciki an ninke 'yar laima ta leda, an ɗaure ta da hancin da igiyar roba. Injin kuwa ɗan guntun bututu ne na takarda mai kauri. Wanda aka fi amfani da shi tsawonsa milimita 70, faɗinsa 18, an danƙara masa albarushi tun a masana'anta, an toshe gindinsa da yumɓu mai ɗan rami. Da waya da batir ake kunna shi daga nesa. Ya ci wuta na daƙiƙa ɗaya ko biyu, rokar ta cilla sama, sai wani sashe na cikin injin ya ci gaba da ci a hankali yana hayaƙi har ta kai ƙarshen hawanta, sannan wata 'yar fashewa ta tunkuɗe hancin, laima ta buɗe, roka ta sauko a hankali. A cire injin da ya ƙone a yar, a sa sabo, a sake.

Asalin abin ba don wasa kawai aka ƙirƙiro shi ba, don ceton yatsun yara ne. Bayan Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik ranar 4 ga Oktoba 1957, zazzaɓin sararin samaniya ya kama samarin Amurka. 'Yan sakandare suka shiga cusa sinadarai a bututun ƙarfe suna kunnawa a bayan gida, su a ganinsu roka suke haɗawa, alhali bam ne. Wasu sun rasa yatsu, wasu ido, wasu ma ransu. Ashe tun 1954 wani mai sayar da takalma a garin Norfolk na jihar Nebraska, Orville Carlisle, wanda kuma ya ƙware a harkar wasan wuta, shi da ɗan uwansa Robert sun riga sun samo mafita: masana'anta ta haɗa injin, yaro kada ya taɓa albarushi da hannunsa, jikin rokar kuma ya zama kwali da itace, ba ƙarfe. A farkon 1957 Carlisle ya aika wa G. Harry Stine samfur, wani injiniya da ya yi aikin kula da lafiyar masu harba roka a filin gwaji na White Sands. Stine ya gwada ya ga abin ya yi, ya kafa kamfanin Model Missiles a Denver, ya kuma kafa ƙungiyar da daga baya ta zama NAR, wadda har yau ita ke tsara ƙa'idojin wasan a Amurka.

Matsalar da ta rage ita ce yawan injin. Da hannu ake yi, masu saye sun fi ƙarfin masu yi. Nan Vern Estes ya shigo, wanda iyayensa ke sana'ar kayan wasan wuta. Ya ƙera wata na'ura mai aiki da matsattsiyar iska, ya sa mata suna Mabel, tana fitar da inji ɗaya duk daƙiƙa biyar da rabi. Kamfaninsa, Estes, ya fara a 1958 a Denver, ya koma ƙauyen Penrose na jihar Kolorado a 1961. A shekarar ce kuma Lee Piester ya kafa Centuri a Phoenix, suka zama kishiyoyi.

A nan dole in ɗan tsaya. Ban rubuta wannan don wani ya je hostel ya fara gwaji da albarushi ba. Duk hikimar wasan ita ce kada mai wasa ya haɗa makamashin da kansa, mu kuwa ba a sayar da irin wannan injin a kasuwanninmu. Ga dokar abubuwa masu fashewa, ga halin tsaron da ake ciki. Wanda aka kama da bututu da albarushi, ba labarin Sputnik za a tsaya saurara daga bakinsa ba.

To me ya kawo maganar takarda? Cinikin nan kusan duka ta gidan waya aka yi shi a farko. Yaro yana ƙauye a can wata jiha, ya ga talla a mujalla, ya aika a turo masa katalog, wato ɗan littafin da ke nuna kayan kamfani da farashinsu. Ya zaɓa, ya cike fom, ya sa kuɗi a ambulan, ya zauna jiran ɗan aike. Katalog ɗin Estes na farko ma matarsa Gleda ce ta ɗinke shafukansa da keken ɗinki. Rokarsu ta farko, Astron Scout, santi 70 ake sayar da ita. Idan kaya suka iso kuma, ba haɗaɗɗiyar roka ake gani ba. Bututu ne da falankin balsa da hanci da leda, sai takardar umarni mai ɗauke da zanen fukafukai daidai girmansu, yaro ya ɗora a kan itacen ya zana ya yanka. Ban da wannan akwai jaridar kamfani mai suna Model Rocket News da ake aika wa abokan ciniki, akwai ƙasidun fasaha irin wadda na ci karo da ita, akwai littafin Stine, Handbook of Model Rocketry, da ya fara fitowa a 1965.

Ka ga ke nan abu biyu ke shigowa gida, roka da takarda. Ita rokar an yi ta ne don a yi asararta. Iska ta kwashe ta, ko ta maƙale a bishiya (masu wasan har barkwanci suke yi cewa akwai bishiyoyi masu cin roka), ko laima ta ƙi buɗewa ta dawo da ka ta tumurmushe. Wadda ta tsira kuma shekaru su cinye ta: igiyar roba ta bushe ta tsinke, laimar leda ta manne da kanta, sitika ta tsattsage, bututu ya lotsa a ƙarƙashin tarkace. Takardar ita ma ba ta tsira da sauƙi ba, don ba wanda ya ɗauke ta a bakin komai. An yanke zanen fukafukan daga jikinta, gam ya zuba mata, an yage fom ɗin oda daga katalog an aika, uwa ta zo shara ta haɗa da sauran. Abin da aka buga dubbai, bayan shekara hamsin ko sittin sai ka ga 'yan ƙalilan ne suka rage cikakku. Wannan ƙarancin shi ne farkon darajarta.

Darajar kuɗi ita ce kowa ya fi saurin ganewa. Rokar da har yau take cikin ledarta ba a buɗe ba, da katinta na gaba mai hoto, da takardar umarni da sitika, ta fi wadda aka haɗa tsada nesa ba kusa ba a wurin gwanjo. Wasu kayan ma nemansu ake ruwa a jallo, irin Camroc ta 1965, 'yar kyamarar da ake ɗorawa a kan roka ta ɗauko hoto ɗaya tak daga sama, da Cineroc da ta biyo baya tana ɗaukar fim mai motsi. Cikakkiyar Cineroc da takardunta takan kai ɗaruruwan daloli. Amma ni a ganina wannan ce mafi ƙarancin ban sha'awa a cikin lamarin. Mutum ya sayi roka da tsada, ba zai iya buɗe ta ba don kada darajarta ta faɗi, ba zai harba ta ba don kada ta ɓace, sai dai ya ajiye yana kallo kamar kwanon jeren amarya.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda takarda ke ba da shaida. Roka kamar Alpha ko Big Bertha an yi shekaru da dama ana fitar da ita, har yanzu ma ana sayarwa. In aka miƙo maka bututu da hanci kawai, da wuya ka ce na wace shekara ne. Amma in da takarda, sai ka zama ɗan sanda mai bincike. Duba adireshin kamfani: in Denver aka rubuta, to kafin ƙaura zuwa Penrose ne a 1961. In Penrose ne amma babu lambar yanki ta gidan waya, wato 81240, to da alama ta girmi tsarin lambobin, wanda Amurka ta shigo da shi a 1963. In ka ga sunan kamfanin Damon a ƙasa, to daga 1969 ne zuwa sama, don a shekarar Damon ya sayi Estes. Lambar kayan ma tana magana: da farko da harafin K ake farawa, Scout ita ce K-1, Big Bertha K-23, Alpha K-25, daga baya aka koma lambobi huɗu, Alpha ta zama 1225. In kuwa akwai zanen layi-layin nan da ake haskawa a kanti, to ba ta kai 1974 a tsufa ba, don sai a shekarar aka fara amfani da shi a shagunan Amurka. Sai dai masu abin suna taka-tsantsan, saboda kamfani yakan ci gaba da amfani da tsohuwar takardar da ta rage a sito har ta ƙare. Shi ya sa rasit ko ambulan mai hatimin gidan waya ya fi kowace shaida ƙarfi, don shi yana ɗauke da rana da wata da shekara.

Lambar injin da takarda ta ce a yi amfani da shi ita ma shaida ce, kuma 'yan injiniya za su ji daɗin wannan. Ɗauki C6-5. Harafin yana nuna jimlar ƙarfin turawa da injin ke bayarwa daga kunnawa zuwa mutuwa: A iyakarsa 2.5 a ma'aunin niyuton sau daƙiƙa, B 5, C 10, D 20, kowane harafi ninkin na bayansa. Lambar tsakiya, 6, matsakaicin turawa ne a niyuton. Ta ƙarshe, 5, daƙiƙoƙin jira ne tsakanin mutuwar wuta da fitar laima. In jiran ya yi kaɗan, laima ta buɗe roka na cikin gudu ta yage. In ya yi yawa, roka ta riga ta juyo ƙasa da ka. To kafin a koma ma'aunin mita a 1968, da fam ake auna turawar, sai ka ga lamba irin A.8-3, da ɗigo kafin takwas, ma'ana 0.8 na fam. Wanda ya san wannan, kallo ɗaya zai yi wa takardar ya ce ta girmi 1968. Su kansu tsofaffin injinan ana tara su, amma masu hankali ba sa rige-rigen kunna su, don albarushin da ya sha zafi da sanyi shekara da shekaru yakan tsage a ciki, in aka kunna ya fashe maimakon ya tura.

Sai babbar darajar, wadda ta sa na ce takarda ta fi roka. In roka ta ɓace kana da takardarta, za ka iya sake yin wata. In takarda ta ɓace, ita ma rokar ta ƙarshe ta ɓace, shi ke nan an rufe babin. Takardar umarni tana faɗin lambar bututu, misali BT-50 na Alpha ko BT-60 na Big Bertha, da tsawonsa, da siffar hanci, da zanen fukafukai. Da wannan mutane ke sake ƙera rokokin da aka daina fitarwa tun kafin a haifi iyayenmu, su harba kwafin, asalin kuma yana ajiye. Har kamfani aka samu, Semroc, da ya shahara wajen sake fitar da tsofaffin samfuran. Masu sha'awa sun bi gida-gida da gwanjo-gwanjo sun tattaro katalog da takardun umarni sun ɗauki hotonsu sun baza kyauta. Wata dabara tasu da ta tsaya mini a rai: in za su ɗauki hoton zanen fiffike, sai su ajiye rula a gefensa. Dalili kuwa, injin fotokwafi da firinta sukan ɗan rage ko ƙara girman abu ba tare da ka lura ba. In inci ɗaya na rular hoton bai yi daidai da inci ɗaya na rular hannunka ba, ka san fiffikenka ya tashi daga asali.

Kuma wannan ɗan bambancin ba ƙaramin abu ba ne, a nan ne ƙasidar TIR-33 ta shigo. Kowace roka tana da cibiyar nauyi, inda in ka ɗora ta a yatsa za ta tsaya daidai. Tana kuma da cibiyar matsin iska, inda za a ce duk bugun iskar da ke zuwa ta gefe ya taru. Dole cibiyar nauyi ta kasance a gaba, wajen hanci, cibiyar matsin iska a baya, tazararsu aƙalla faɗin bututun sau ɗaya. In haka ne, duk lokacin da roka ta karkace iska za ta turo gindinta ya dawo layi. In aka samu akasi, tana tashi za ta fara wuntsila gudidi a kan mutane. Rage girman fukafukai yana jawo cibiyar matsin iska gaba, ka ga haɗarin fotokwafin da ya rage girma ke nan. James Barrowman, wani ma'aikacin NASA, shi da matarsa Judith suka gabatar da hanyar lissafa wannan cibiya a gasar NAR ta 1966, Centuri ya buga ta yadda ɗan sakandare zai iya bi da fensir. Manhajojin kwamfuta na zana roka na yau, irin OpenRocket, a kan wannan lissafin aka gina su.

Yanzu abin ya wuce hannun masu gwanjo kaɗai. Stine ya rasu a 1997, tarin takardunsa da rokokinsa suna gidan tarihin jiragen sama na Museum of Flight da ke Seattle, Vern da Gleda Estes su ma sun ba da nasu can. Takardar da uwa ke sharewa jiya, yau sai mai bincike ya nemi izini kafin a fito masa da ita.

Kada a ce zamanin nan na tseren sararin samaniya bai taɓa mu ba. A daidai shekarun da yaran Amurka ke jiran ambulan daga Penrose, NASA tana da tashar bibiyar kumbo a Kano, tana cikin tashoshin da suka bi tafiyar John Glenn lokacin da ya zagaya duniya sau uku a Fabrairun 1962. Duk wanda kakansa ya yi aiki a wurin, ko direba ne ko mai gadi, ya daure ya duba tsohuwar adakar gida kafin takardun ciki su tafi wajen mai ƙosai.

In an dace an samu tsohuwar takarda, ko ta mece ce, ga abin da masu adana irin waɗannan suka yi ittifaƙi a kai. Takarda mai araha tana da sinadarin da ke sa ta yi ja ta yi ƙaushi da kanta, zafi da hasken rana da danshi kuma suna hanzarta abin. A cire mata duk wani ƙarfen maƙala takarda, don yana tsatsa ya ci wurin. Kada a liƙe yagewa da salatif, gam ɗinsa yana ratsa takarda ya bar tabon da ba ya fita. Kada kuma a kai ta laminatin, duk da na san mu nan da an ba mutum takarda mai muhimmanci can yake nufa: zafi ne da gam, kuma in an yi ba a warwarewa, a wajen masu tarawa ma takardar ta gama faɗuwa. A shimfiɗe ta a fayil, a ɗaga ta daga ƙasa saboda gara da ruwan damina. Rasit ɗin POS da irinsa kuwa da zafi ake buga shi, rubutunsa gogewa yake yi, sai a yi masa fotokwafi tun da sauran gani.

Ni kaina sai da na yi asara na gane. A shekarata ta farko mun haɗa wani ɗan injin yanka albasa ni da abokaina biyu, ya yi aiki har muna alfahari. Duk ma'aunansa a wayata suke, hoto ne da 'yan rubuce-rubuce. Wayar ta faɗa ruwa, injin kuma muka warware shi muka yi wani aikin da ƙarafunan. Kwanaki wani ƙane a sashenmu ya zo yana so ya ɗora a kai, muka zauna mu uku, kowa da faɗin wuƙar da yake tunawa, ba wanda ya yi daidai da na wani.

Wutsiyar injina kuwa, lissafin Barrowman na roka ne, bai zauna mata kai tsaye ba, amma ya nuna mini inda na kuskure. Ba girman falankin ne matsalar ba, kusancinsa da wurin juyawa ne. Na mayar da ƙaramin, na ƙara tsawon sandar da ke riƙe da shi, injin ya daina waige-waige. Na zana falankin daidai girmansa a takarda, na rubuta kwanan wata a kusurwa, na ɗauki hotonsa da rula a gefe, na sa shi a ƙarshen rahoton. Kwafi uku za a ɗinke: na sashe, na sufabaiza, da wanda zan kai gida. Difens saura mako uku, a sa mu a addu'a.